Zabura a Teburin Nazari, Zabura a Fagen Hidima

Duk mai shirin zama fasto ko mai bishara a ƙasarmu sau biyu yake haɗuwa da littafin Zabura. Haɗuwa ta farko a aji ce, a makarantun tauhidi irin su TCNN ta Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, ko JETS ta Jos, wadda ta soma a 1980, ko makarantun Kagoro da Gindiri da Kwarhi. A can akwai malami da allo da ɗakin karatu, akwai jarrabawa a ƙarshen zango. Haɗuwa ta biyu kuwa ba ta da jadawali. Takan zo da tsakar dare in an ƙwanƙwasa ƙofa cewa jikin wani dattijo ya tsananta, ko da hantsi a bakin kabari, ko ranar Lahadi a gaban jama'ar da suka zo da yunwa da bashi da murnar haihuwa duk a benci ɗaya. Littafin ɗaya ne, waƙoƙi 150 a nan, 150 a can, amma abin da ake nema a cikinsa ya bambanta. Malamin makaranta yakan yi ƙorafin cewa ɗalibansa da sun fita sai su ajiye abin da suka koya. Faston ƙauye yakan ce abin da aka koya masa bai raka shi ɗakin mara lafiya ba. Kowanne yana da hujja, ya kuma dace a saurari kowanne har ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Bambanci na farko yana cikin tambayar da kowanne yake yi wa littafin. Mai nazari yana tambaya: wa ya rera wannan waƙa, a wane zamani, a gaban wane taro? Da wannan tambaya yake gano cewa Zabura tari ne da aka haɗa cikin ƙarnuka, aka kasa shi littattafai biyar: ta 1 zuwa 41, ta 42 zuwa 72, ta 73 zuwa 89, ta 90 zuwa 106, sai ta 107 zuwa 150. Guda 73 suna ɗauke da sunan Dawuda a kansu, 12 na Asaf, wasu na 'ya'yan Kora, biyu na Sulemanu, ɗaya ta Musa, da yawa kuma ba suna. Yana gano cewa ta 14 da ta 53 kusan waƙa ɗaya ce da ta shiga tarin sau biyu, ta 42 da ta 43 kuma amshi ɗaya ne ya ɗaure su. Bajamushen nan Hermann Gunkel, wanda ya rasu a 1932, ya koya wa masu nazari su rarrabe su iri-iri: na yabo, na kukan mutum ɗaya, na kukan al'umma, na godiya, na sarauta. Wanda ya san irin waƙar da ke hannunsa ya san inda za ta juya da inda za ta sauka, da wuya kuma ya ɗora mata ma'anar da ba tata ba.

Mai hidima kuwa tambayarsa ita ce: wacce zan karanta wa wannan bawan Allah yau? Shi daga fuskar da ke gabansa yake farawa. Ya san ta 23 da ta 90 su ne na gidan makoki, ta 121 ta mai shirin tafiya ce, ta 127 da ta 128 na ɗaurin aure da raɗin suna, ta 51 ta wanda ya zo yana sunkuyar da kai bayan ya faɗi cikin zunubi, ta 65 da ta 67 na ranar godiyar kaka, lokacin da dawa da masara da doya suke cika gaban majami'a. Wannan sani ba ƙarami ba ne, ba kuma sabo ba ne. A ƙarni na 4, Atanasiyus, bishop na Iskandariya a Masar, ya rubuta wa wani mai suna Marsilinus doguwar wasiƙa, ya jera masa wace zabura ta dace da wane hali: ta wanda ake tsanantawa, ta wanda ya yi zunubi, ta wanda aka kuɓutar. Mutumin da ya shahara da zurfin tauhidi bai raina wannan aiki ba. Tambayar mai nazari tana kare waƙar kada a murɗe ta, ta mai hidima kuma tana kai ta inda ake bukatarta.

Sai batun lokaci. Nazari aikin natsuwa ne, ba ya yiwuwa a tsaitsaye. Zabura ta 119 kaɗai ayoyi 176 gare ta, an kasa ta kashi 22 bisa adadin haruffan Ibrananci, kowane kashi ayoyi 8, duk ayoyin kashi ɗaya kuma da harafi ɗaya suke farawa. Mai gaggawa maimaici kawai zai gani. Wanda ya zauna da ita zai ga mawaƙin da ya ɗaure kansa da ƙa'ida mai wuya don ya yabi shari'ar Allah daga harafin farko har na ƙarshe. Haka ma jerin littafin gaba ɗaya. Tun daga binciken da Gerald Wilson ya wallafa a 1985, masana sun ƙara lura cewa ba kara zube aka jera waƙoƙin nan ba. Littafi na uku ya rufe da ta 89, inda ake tambayar Allah ina alkawarin da ya yi wa gidan Dawuda. Na huɗu ya buɗe da addu'ar Musa, wanda ya riga sarakuna duka, kamar ana tuna wa jama'a cewa Allah ya riƙe su tun ba su da sarki. Kuka ya fi yawa a farkon tarin, yabo ya fi yawa a ƙarshe, har biyar ɗin ƙarshe ba komai cikinsu sai yabo. Mai tsintar aya ɗaya nan, ɗaya can, ba zai ga wannan tafiya ba.

Hidima kuwa lokacinta ba a hannunta yake ba. Makon fasto a ECWA ko COCIN ko EYN ko HEKAN cike yake tun kafin ya soma: addu'ar asuba, nazarin tsakiyar mako, taron dattawa, ajin masu shirin baftisma, sulhunta miji da mata, rahoton kuɗi da za a kai gunduma, ziyarar asibiti, ga mutuwa da ba ta sallama. A ƙauyuka da yawa shi ne kuma manomin gidansa, da damina sai ya raba yini tsakanin fartanya da ziyara. Irin wannan mutum ba zai iya ba zabura ɗaya mako guda ba. Amma yana da wani lokaci da ɗalibi ba shi da shi, wato tsawon shekaru. Ta 23 ɗin nan zai karanta ta a jana'izar tsohon da ya cika kwanakinsa, ya karanta ta a ta jaririn da bai kai ranar suna ba, ya karanta ta a ta saurayin da hatsarin mota ya ɗauke. Kowane karo wata aya dabam ce take yi masa nauyi a baki. Ɗaya yana zurfafa don ya daɗe a kan waƙar, ɗayan yana zurfafa don ya yi ta komawa gare ta da sabon ciwo.

Harshe ma ya raba su. Mai nazari yana komawa ga Ibrananci, ko aƙalla ga littattafan waɗanda suka san shi. A 1753 Robert Lowth na Ingila ya bayyana ginshiƙin waƙar Ibraniyawa. Rubutacciyar waƙar Hausa amsa-amo ne yake ɗaure ta, tasu kuwa ma'ana ce take amsa ma'ana: layi na farko ya faɗi magana, na biyu ya maimaita ta da wasu kalmomi, ko ya kawo kishiyarta, ko ya ƙara mata tsawo. Amfanin wannan sani a wajen wa'azi yake fitowa. Wanda bai sani ba yakan tsaga aya biyu, ya gina koyarwa dabam a kan kowane rabi, alhali mawaƙin abu ɗaya yake faɗa sau biyu don ya shiga zuciya. Nazari yana kuma tuna masa cewa waƙa waƙa ce. In ta kira Allah dutse ko garkuwa ko makiyayi, zane take yi da kalmomi, ba a kuwa auna ta da ma'aunin wasiƙun Bulus.

Mai hidima kuwa da Hausa yake aiki, da kunne kuma fiye da ido. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka ba shekaru masu yawa, Hausa ta ƙara kafuwa a matsayin harshen sujada ga al'ummai da dama: Birom da Angas a Filato, Bajju da Atyap a kudancin Kaduna, Bura da Margi a Borno da Adamawa, Tangale a Gombe, ga Hausawa Kirista na Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi. Da yawa cikin waɗannan jama'a a baki suka fara jin Zabura kafin su gan ta a takarda. Ta 136 tana da amshi ɗaya da yake dawowa a dukan ayoyinta 26. A aji wannan bayanin tsari ne kawai, amma in mai jagora ya ja rabin aya jama'a suka amsa, sai a ga dalilin da aka yi ta haka. 'Yan Zumuntar Mata sukan ɗauki aya su ɗora ta a kan karin gida, da tulu da kacau-kacau, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta haddace ta. A ɗakin asibiti ma, inda gadon Kirista yake kusa da na Musulmi, sunan littafin ba baƙo ba ne, domin Alƙur'ani ya ambaci Zabura a matsayin littafin da aka ba Annabi Dawuda.

Inda awon ya fi wuya shi ne wajen kuka. A nan nazari yana da maganar da majami'a ba kullum take son ji ba. In aka ƙirga, wajen kashi ɗaya cikin uku na Zabura koke-koke ne, sun fi kowane iri yawa. Mawaƙan suna tambayar Allah dalilin jinkirinsa da dalilin nisansa, ba su ɓoye ɓacin ransu ba. Ta 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba ta juya ga yabo ba, duk da haka aka bar ta cikin littafin sujada. Ta 74 da ta 79 suna makokin Haikalin da aka lalata, ta 137 kuma muryar waɗanda aka kwashe zuwa Babila ce bayan faɗuwar Urushalima a wajen 587 kafin haihuwar Almasihu. Walter Brueggemann, a littafinsa na 1984, ya kasa Zabura uku: na lokacin da rayuwa take zaune daidai, na lokacin da ta rushe, da na lokacin da Allah ya sake kafa ta. Ya zargi ikkilisiyoyi da tsallake na tsakiya, zargin kuwa ya same mu. Sau da yawa a gidan makoki, tun hawaye bai gama sauka ba muke cewa a yi haƙuri, a gode wa Allah, kamar kuka rashin bangaskiya ne. Alhali Yesu kansa a kan gicciye da farkon Zabura ta 22 ya yi kira.

Sai dai nazari ƙirga koke-koken ya iya, hidima ce ta san masu kukan da sunayensu. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan ikkilisiyar EYN. A ƙarshen Oktoba na shekarar mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedikwatar EYN da ke Kwarhi, shugabanni da malamai da ɗalibai suka watse, aka koma Jos da aiki na wani lokaci. Faston da ya tsaya a gaban 'yan gudun hijira a irin waɗannan kwanaki bai bukaci a yi masa bayanin wurin sujada da aka ƙone ko zama a baƙon wuri ba. Ya kuma san abin da littafin sharhi ba ya koyarwa: yaushe za a karanta, yaushe za a rufe Littafin a zauna shiru a kan tabarma, wace gwauruwa ce za ta iya ɗaukar ta 88 yau, wacce kuma sai bayan watanni. Gaskiyar da aka faɗa ba a kan lokacinta ba takan ƙara ciwo. Nazari ne yake ba fasto ƙarfin barin mutane su yi kuka a gaban Allah, hidima ce take koya masa zama tare da su har kukan ya lafa.

Daga kuka sai la'ana. Akwai surorin da suke roƙon Allah ya hallaka maƙiyi da kalmomi masu zafi: ta 58, ta 83, ta 109, da ƙarshen ta 137. Sun dami masu bi har Ikkilisiyar Katolika, a tsarin addu'o'in yini da ta fitar a 1971, ta cire ukun farko gaba ɗaya. Mai nazari yana da amsa mai ƙarfi. Mawaƙin bai zare takobi ba, ƙara ya kai. Ya zuba fushinsa duka a gaban Alƙali, ya bar hukunci a hannunsa. Muryar wanda aka zalunta ce, wanda ba shi da sarki ko kotun da za ta bi masa hakki. Mai nazari yana kuma ajiye waɗannan surori kusa da umarnin Yesu na ƙaunar magabta, da gargaɗin Bulus a Romawa sura 12 a kan ɗaukar fansa, don kada a karanta ɗaya a manta da ɗaya.

Mai hidima ya yarda da amsar, amma ya san ba a aji za a gwada ta ba. A gabansa akwai saurayin da aka kashe wa uba a gona. Akwai kuma wanda ya zo addu'ar dare da sunan maƙwabci ko abokin hamayyarsa na kasuwa a zuciya, yana so a karanta ta 35 ko ta 109 a kansa. Na farko yana bukatar a buɗe wa fushinsa hanya zuwa wurin Allah tun bai nemi hanya zuwa wurin makami ba. Na biyu yana bukatar a tsawata masa cikin ƙauna, domin cutar da wani yake nema da sunan addu'a. Rarrabe waɗannan biyu aikin wanda ya san gidajen mutanensa ne. Amma faston da bai taɓa zama ya yi nazarin waɗannan surori ba, hanya biyu ce ta rage masa, ba kuwa mai kyau cikinsu: ko ya guje su gaba ɗaya, ko ya bi abin da taro yake so.

Haka lamarin yake da ta 91, wadda ake rugawa gare ta a lokacin tsoro. Ana buɗe Littafi a kanta a ajiye kusa da gado, ana rubuta lambarta a jikin mota da ƙofar shago. Farfesa David Adamo, masanin Tsohon Alkawari ɗan Nijeriya, ya yi rubutu mai yawa a kan yadda ikkilisiyoyin da 'yan Afirka suka kafa suke amfani da Zabura don tsari da warkarwa da neman nasara. Mai hidima ya fahimci wannan al'ada. Uwar da ɗanta yake bin hanyar Birnin Gwari ko ta Damboa tsoro ne na gaske ya kama ta, gara kuma ta ruga ga Maganar Allah da ta ruga wurin boka. Mai nazari kuwa yana tuna mana cewa a Matiyu sura 4, wannan zabura ce Shaiɗan ya janyo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, Yesu kuma ya ƙi mai da alkawarin Allah abin gwaji. Littafin da ya ƙunshi ta 91 shi ne ya ƙunshi ta 44, inda masu aminci suke kukan ana karkashe su ba tare da sun ta da alkawari ba. In ta farkon kaɗai aka koya wa jama'a, ranar da masifa ta faɗa wa mai bi sai bangaskiyarsa ta girgiza, ko a soma zarginsa da ɓoyayyen zunubi. Tausayin da ba sani a cikinsa yakan mai da zabura laya, sanin da ba tausayi a cikinsa kuma yakan ƙwace wa mai tsoro abin riƙonsa bai ba shi wani ba.

Kowace hanya tana da haɗarinta ga mai binta. Na nazari girman kai ne da sanyin zuciya. Mutum yana iya sanin ra'ayin masana goma a kan zamanin da aka rubuta wata sura, ya kasa yin addu'a da ita. Yana iya cika wa'azi da kalmomin Ibrananci da Helenanci, jama'a su fita suna yaba iliminsa ba su sami abin kai wa gida ba. Haɗarin hidima kuwa ƙanƙancewa ne da gajiya. Wanda kullum yake bayarwa ba ya ɗiba, sannu a hankali Zaburarsa takan ragu daga 150 zuwa 'yan kaɗan da ya haddace, waɗanda ya san suna sa a ce amin. Ikkilisiyarsa za ta yi shekaru ba ta ji ta 73 ba, inda Asaf ya furta cewa ya kusa zamewa don ƙyashin arzikin mugaye, alhali wannan tambaya ce take cin samari da yawa a zuci. Ba za ta ji ta 82 ba, wadda take tuhumar masu shari'ar da suke goyon bayan azzalumi, ko ta 104, wadda take yabon Allah saboda ruwa da ciyawa da namun jeji.

To, tarihi ya taɓa raba su? Asalin littafin yana gefen hidima. Surori 55 suna da umarni a kansu zuwa ga shugaban mawaƙa; 15, daga ta 120 zuwa ta 134, waƙoƙin masu haurawa Urushalima sujada ne; littafin Tarihi na fari sura 25 ya ƙirga horarrun mawaƙa 288 a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun. Don taron masu sujada aka tanade su. Amma waɗanda suka jera su sun sa ta 1 a bakin ƙofa, wadda take yabon mutumin da ya mai da tunani a kan Maganar Ubangiji abin jin daɗinsa kullum. Wato tun daga shafin farko an gayyaci mai rerawa ya zama mai nazari.

Manyan da ikkilisiya take tunawa da su ma ba su saki ɗaya don su riƙe ɗaya ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya bar sharhi a kan dukan 150, babban ɓangarensa kuwa wa'azi ne da ya yi wa jama'a aka rubuta daga bakinsa. Da ajali ya matso a 430, mayaƙa sun kewaye garin, ya sa aka rubuta masa surorin tuba aka manna a bango kusa da gadonsa. Martin Luther ya koyar da Zabura a jami'ar Wittenberg daga 1513 zuwa 1515, daga baya ya gina wa jama'a waƙar Jamusanci a kan ta 46. Charles Spurgeon ya kwashe wajen shekara 20 yana rubuta nasa sharhin, ya kammala a 1885, duk a lokacin da yake kiwon ikkilisiya mai dubban mutane a Landan. An kuma yi tsare-tsare don kada wata sura ta ɓace: dokar Benedict a ƙarni na 6 ta sa a rera 150 ɗin duka kowane mako, littafin addu'ar Anglikan kuma ya raba su safe da yamma a kan kwana 30.

Bayan wannan awo, a ganina hidima ce take da fifiko. Littafin nata ne tun asali, nazarin da bai kai ga ɗakin mara lafiya ko bakin mawaƙa ba kuwa bai gama aikinsa ba. Amma fifikon nan bai ba kowa damar rufe littattafansa ranar da ya karɓi takardar shaida ba, domin kowane rauni da muka gani a gefen hidima, daga gaggawar share hawaye, da mai da addu'a makami, har ƙanƙancewar littafin, nazari ne maganinsa. Nazari rumbu ne, hidima tukunya. Ba wanda ya taɓa ƙoshi da hatsin da ke kulle a rumbu, amma tukunyar da ba a ɗebo mata ba ruwa za ta yi ta tafasawa.

Abin da wannan yake nema daga gare mu bai fi ƙarfinmu ba. Makarantun tauhidi su daina ɗaukar an gama darasi in an rubuta takarda: ɗalibin da ya yi nazarin wata zabura ya kai ta asibiti ko gidan yari, ko ya zauna da shugaban mawaƙa su sa mata kari, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Dattawan ikkilisiya su tsare wa fastonsu safiya ɗaya ko biyu a mako, su ɗauke ta aiki ce ba hutu ba, su kuma sa kuɗin littattafai cikin kasafi. Sharhin Littafi Mai Tsarki da masana 'yan Afirka 70 suka rubuta, wanda ya fito a 2006 a ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, wurin farawa ne mai kyau. Fasto ya karanta surori biyar a rana, zai sauke littafin cikin wata guda. Ikkilisiya ta karanta sura ɗaya kowace Lahadi bi da bi, ba tare da tsallake masu ɗaci ba, za ta ji 150 ɗin cikin ƙasa da shekara uku. Jama'ar da suka ji littafin duka ba za su rasa abin faɗa wa Allah ba, ko ranar biki ko ranar masifa. Wannan ne bashin da suke bin makaranta da majami'a, ba kuwa ɗaya cikin biyun da za ta iya biyansa ita kaɗai.